Saƙon da ya yi wa mai takaba tallar turare

Wata rana, ƙarshen shekara na gabatowa, na je wani taron horar da mata 'yan kasuwa a Zariya. Ina ɗan sayar da zannuwan gado bayan na tashi daga ofis, kuma ina so in san inda tallar intanet ta dosa a shekara mai zuwa.

Mai koyarwar matashi ne mai ladabi. Ya ce gajerun bidiyo ne za su ci kasuwa, sai sayarwa kai tsaye a gaban kyamara. Abin da ya fi yabawa shi ne manhajar da ke amsa wa kwastoma saƙo da kanta, ko mai kaya tana barci.

Ina ta rubutawa.

A gefena akwai wata dattijuwa da ba ta rubuta komai ba. Humra da turaren wuta take haɗawa. Ƙamshin mayafinta ya mayar da ni ɗakin mahaifiyata a Tudun Wada, zamanin da mai saye kan zauna a tabarma, a tambayi yara da mai jiki, a sha ruwa, kafin a buɗe kwalba.

Sai ta ɗaga hannu.

"Ɗan nan, abin nan mai amsa saƙo, ya iya ta'aziyya?"

Wasu suka yi dariya. Matashin ya ce, "Mama, kasuwanci aka yi shi ya yi."

Ta ce, "To ni ya kusa raba ni da aminiyata."



Ta ce 'yarta ce ta saka mata manhajar a waya, don ta huta. Akwai wata Hajiya Tasalla a Funtuwa, shekara ashirin da shida tana sayen turare a wurinta, tun suna haɗuwa a gidan biki. Ranar da mijin Hajiya Tasalla ya rasu, ta turo mata saƙo ta sanar da ita.

Nan take wayar ta amsa: "Barka da zuwa. Ga sabuwar humrarmu, akwai rangwame wannan makon."

Saƙon da ya je wa matar da ta shiga takaba ke nan, wadda za ta yi wata huɗu da kwana goma ba ta taɓa turare ba.

Dattijuwar ba ta ga saƙon ba sai bayan kwana tara, domin wayar ta nuna an riga an amsa. Washegari ta hau mota zuwa Funtuwa. An karɓi gaisuwarta, an ba ta ruwa. Da za ta tafi, Hajiya Tasalla ta ce mata a hankali, "Na ɗauka yanzu sai mai saye kike gaisawa da shi."

Tun daga ranar Hajiya Tasalla ba ta ƙara kiranta ba.

"Jibi take fita takaba," in ji dattijuwar. "Mai fita takaba kuwa sabon turare take nema. Ban san ko wajena za ta aiko ba. Ni dai na zo ne a nuna mini yadda ake kashe abin."

Matashin ya sauko, ya durƙusa gefen kujerarta, ya kashe mata. Ya kuma nuna mata yadda za ta aika saƙon murya. A nan ta kara wayar a baki, ta gaishe da aminiyarta, ta yi wa mamacin addu'a. Ba ta ambaci turare ba.

Ba ɗabi'ata ba ce karɓar lambar wanda ban sani ba, amma ranar na karɓi ta dattijuwar.

Bayan mako guda muryarta ta shigo wayata: "'Yar nan, ta aiko. Kwalba biyu. Na ƙara mata ɗaya gyara."

 Sai na ɗauko takardar tsarin shekarata, na rubuta a sama, gaban bidiyo da komai: kiran tsofaffin kwastomomi, a ji lafiyarsu.

Darasi: Ku koyi duk sabon salon talla da shekara za ta zo da shi, ni ma ina koyo. Amma gaisuwa da jaje da barka, kada ku bar wa na'ura. Wanda ya daɗe yana sayen kayanku, muryarku ya sani.

In akwai 'yar kasuwar da ke tsara shekararta yanzu, a tura mata wannan ta karanta.