Man Hantar Kifi Daga Lokoja

Mun tashi da asuba daga Malumfashi, mu goma sha ɗaya da jakuna ashirin, bayan an gama zuba dawa a rumbu. Abokan tafiyata fatake ne, sun ɗauko jar fata da kanwa da rinannun riguna. Ni manomi ne, ban taɓa wuce Zariya ba. Abin da ya fito da ni 'yata ce, Hansatu. Ta shekara uku ba ta taka ba. Ƙafafunta sun lanƙwashe, in an tsayar da ita sai ta ƙwala kuka ta zube. Mun ba ta rubutu, mun yi jiƙo, wanzami ya yi tsaga, shiru. Madugun ayarin ne ya ce ya ga ɗan mai masaukinsa a Lokoja da irin wannan ciwo, wani mai na Turawa ya tashe shi. Sunan man kawai ya riƙe, shi ma a karkace: "kodiliba". Na ɗaura buhun auduga a jakina, don ita kaɗai nake da ita ta sayarwa.

Zangonmu na biyu Funtua, ɗan gari a gindin duwatsu, inda wata Bafulatana ta dama mana furar da har yau nake tunawa. Daga Zariya hanya ta sake. Itatuwa suka yi kauri, hatsi ya yi tsada, doya kuwa kamar a ba ka kyauta. A ƙasar Gwari na ga mata suna ɗaukar kaya a kafaɗa, ba a ka ba. Na tsaya kallo har jakina ya shiga gonar mutane. A Keffi na fara cin sakwara da miyar manja, na haɗiye lomar farko da ƙyar, ta biyar kuwa ban jira kowa ba.

A Loko muka bar jakuna muka shiga kwalekwale. Ni da ruwan da na sani bai wuce rafin bayan gari ba, ga ni tsakiyar Binuwai, gaɓa tana can nesa kamar zare. Na ƙanƙame buhuna ina salati, matuƙan suna ta dariya. Kwana talatin da shida da barin gida muka sauka Lokoja, inda koguna biyu suka haɗu, ga jirgin Turawa yana fitar da hayaƙi kamar an cinna wa bukka wuta.

Kwana uku ina yawo a kasuwa ina cewa "kodiliba", ana kallona kamar taɓaɓɓe. A rana ta huɗu wani tafinta, Banufe mai jin Hausa, ya kai ni wurin wani Baturen ciniki, dogo, ramamme, wanda zazzaɓi ya mayar da idonsa rawaya. Da na faɗi sunan sai ya tuntsire da dariya, ya gyara mini a hankali: "Kod, liba, oyil." Tafinta ya ce ma'anarsa man hantar wani kifi da ke tekun ƙasarsu mai sanyi, kuma tun kakanninsu masunta suke sha don ƙarfin ƙashi.

Na ce, "Tambaye shi, babu kitsen alade a ciki?"

"Ya ce kifi ne zalla. Amma ba na sayarwa ba ne, Malam. Nasa ne da yake sha."

Na kwance buhun don ya ga ban zo hannu sake ba. Baturen ya ciri audugar, ya ja ta tsakanin yatsu, ya ɗaga ta a hasken rana, ya sake ja. Ya tambayi inda ake noma ta. Na ce gonata ce, kuma daga Malumfashi har Maska haka take. Ya tambayi shekarun yarinyar, na gwada masa da yatsu. Ya shiga ciki, ya fito da kwalba uku. Ya karɓi audugar har da guryarta, ya bar mini kaɗan in naɗe kwalaben. Ya ce cokali ɗaya kowace safiya, a yawaita mata nono, a daina ɓoye ta a ɗaki.

A hanyar dawowa, wajen tsallake wani rafi kusa da Keffi, jakina ya zame. Na ji ƙarar fashewa, na faɗa ruwa da rigata. Ɗaya ta tafi, biyu sun tsira. Daga ranar na ɗaure su a cikina da rawani, ko salla zan yi sai na ajiye su inda idona ke gani. Man da ya zube ya jiƙe mini kaya, ƙarninsa kuwa ba a magana. Madugu ya mayar da ni ƙarshen ayari, ƙudaje suka zama 'yan rakiyata har Zariya.

Da na isa gida, Inna, mahaifiyata, ta shinshina bakin kwalbar ta kawar da kai. "Wannan abin Nasara ba zai shiga cikin jikata ba."

Na ce, "Inna, kifi ne. Ki duba." Na zuba cokali na shanye a gabanta. Hawaye ya zubo mini, amma na yi murmushi. Ta zuba mini ido har la'asar, da ta ga ban faɗi ba, ita da kanta ta riƙe hancin Hansatu aka ɗura mata.

Wata biyu ba mu ga komai ba, maƙwabta sun fara yi mini dariya. A na uku Hansatu ta dafa turmi ta miƙe. Ran nan da hantsi ina gyaran garma a tsakar gida sai uwarta ta ce, "Malam, waiwaya." Hansatu ce ta saki turmin. Taku ɗaya, biyu, har bakwai, ta faɗo a cinyata. Inna ta rangaɗa guɗar da ta tara unguwa.

Tafiyar nan ta koya mini cewa Allah ya warwatsa magani a duniya, wani yana bayan ɗakinka, wani sai ka tsallake kogi ka tambayi wanda ba ka jin harshensa. Ta kuma nuna mini abin da nake nomawa yana da daraja fiye da yadda na zata. Ƙafar Hansatu ba ta gama miƙewa ba tukuna, amma jiya sai da aka bi ta da gudu aka kamo ta a ƙofar gida, ta kori 'yan akuyar maƙwabta za ta bi su titi. Uwarta ta dawo da ita tana haki, tana cewa yarinyar nan ta hana ta zama.