Libarbar Yari da Sunan da Aka Ɓata wa Dabo

A'a, ku dakata, ba hassada ba ce. Tun da na ɗora hoton tsohon ƙyastun nan kowa a dangi ya zama masanin tarihi. Wai ai aikin Dabo mai baƙin ciki ne, wanda ya farfasa bindigar ɗan'uwansa don shi ba shi da irinta. Har yau a gidajenmu in yaro ya ɓata kayan wani sai a ce ya yi halin Dabo. Shekara ɗari da ɗoriya ana zagin mutum, ba wanda ya taɓa tambayar abin da ya gani a jikin ƙarfen. To ku zauna.

Dabo maƙeri ne a Araba, nan gefen Illela, a shekarun da Turawan Ingila da na Faransa ke yawo da igiyar awo suna kakkafa alamun iyaka a tsakiyar gonakin mutane. Hauya da lauje da gatari ne abincinsa, sai gyaran bindigogin maharba. Ba shi da fara'a, kuma yana da wata ɗabi'a da ke ƙona wa mutane rai: ba ya taɓa ƙarfe sai ya saurare shi. Zai rataye shi da zare, ya ƙwanƙwasa, ya kara kunne. In ƙarfe ya yi ƙara mai tsawo, lafiya. In ya yi gum, akwai tsaga a ciki, ko da ido bai gani ba.

Yari kuwa taubashinsa ne, kuma mijin ƙanwarsa Tasalla. Ɗan kasuwa ne mai kai gishiri da goro tsakanin nan da Konni, mai baki kamar ganga. Ranar da Tasalla ta kwana uku da haihuwar ɗansu na fari, Yari ya dawo daga Konni babu jakinsa ɗaya, sai wani abu naɗe a tsumma. Ya zo maƙera da mutane biye da shi, ya warware a hankali don kowa ya gani.

Libarba ce, ƙaramar bindigar nan ta hannu ɗaya mai tulu mai juyawa, da harsashi uku. Wai ta wani babban sojan Faransa ce. Wanda ya sayar masa ya same ta a hannun wani, shi ma a hannun mai wankin dokin sojan. Kun ji asali mai kyau.

"Bawana," in ji Yari, da wasan taubasai, "goge man ita ta yi ƙyalli. Ran suna zan tsaya ƙofar gida in harba da hannu guda, har Konni su ji an yi Lawwali."

"Ubangijina ba ya da jaki yanzu ke nan," Dabo ya ce. "Miƙo."

Ya juya ta. Ya ga inda aka shafa wani baƙin abu a gindin bututun, daidai inda ya haɗu da tulun. Ya kankare da farce, sai ga dalma. Wani gwani ya liƙe wurin ya shafe shi da baƙin tukunya. Ya cire harsasan, ya rataye ta, ya ƙwanƙwasa. Gum.

Ya shafa mata man gyaɗa, ya goge tas, ya barbaɗa toka mai laushi, ya ajiye ta a rana. Can sai man da ya shige tsagar ya fara fitowa, ya zana siririn layi a cikin tokar, tsawon ƙwayar shinkafa.

"Ka gani?"

"Mi zan gani? Toka?"

"Ta tsage. Wagga ba ta gyaruwa. Ba ni da wutar da ka haɗa irin ƙarhen ga, kuma wanda yac ce maka shina da ita, ƙarya shikai. Ka bar ta ta zan abin rataya a ɗaki."

Jama'a suka yi dariya. Maccido mahauci ya ce maƙerin hauya ya ga ƙarfen Turawa ya ruɗe. Yari ya ce, "To Malam mai jin maganar ƙarhe, a gwada mana."

Aka gwada yadda Dabo ya saba gwada bindigar da bai yarda da ita ba. Ya ɗaure ta a kututturen aduwa, ya ɗaura igiya a kunamar, ya kori kowa bayan katanga, ya ja.

Ta tashi. Lafiya lau. Ƙara ta cika gari, awaki suka watse, bindiga na nan ɗaure ko gezau.

Ku yi tunanin ihun. Yari har da rawa. Maccido ya ce daga yau a riƙa kai wa Dabo ƙwai ya saurara kafin a dafa. Shi kuwa Dabo ya kwance ta, ya sake shafa mai, ya sake barbaɗa toka. Layin da ke tsawon ƙwayar shinkafa ya kai tsawon gaɓar yatsa. Ya ɗaga ya nuna. Ba wanda ya duba. Wa zai tsaya kallon toka bayan kunnensa ya ji magana?

"Yari, ta ƙaru. Ta biyu ko ta ukku, a hannunka za ta buɗe."

"To a gwada ta biyun a icce mana," wani ya ce.

"Harsashi biyu sunka rage, in ba icce guda?" in ji Yari. "Bawana, goge ta kawai. In ba ka iyawa in kai Konni."

Nan ne Dabo ya tsaya. Ya san a Konni za a samu wanda zai ƙara mata dalma ya ce ta fi sabuwa. Ya san Yari ba zai ji ba, don mutumin da ya ba da jaki bai son a ce masa ya sayo tsaga. Ya tuna hannun nan na dama shi ke ɗaure kaya a bayan jaki, shi ke ciyar da Tasalla da jaririn da ko suna ba a raɗa masa ba. Ya kuma san abin da gari zai ce da shi.

"Bar ta," ya ce. "Gobe ka zo."

Da hantsi washegari Tasalla ta aiko Hindatu, gwaggonsu, da fura. Ita kaɗai ta ga abin da ya faru. Dabo ya ɗora libarbar a kan uwar maƙera, ko wuta bai sa mata ba, ya ba ta masaba ɗaya, ba da ƙarfi ba. Bututun ya rabe biyu daidai layin, kamar an fasa kara. Cikin tsagar duk tsatsa. Ya zuba harsasan a tsohuwar rijiya, ya hura wuta, ya ƙera ƙyastu da abin da ya rage.

Da Yari ya zo, ƙyastu aka miƙa masa.

"Ina bindigata?"

"Ga ta nan. Yanzu ta san aikin da ba ta cin mai ita."

Abin da Yari ya faɗa ba na rubutawa ba ne. Hindatu ta yi ta rantsuwa cewa ta ga tsatsa da idonta, aka ce tsohuwa ce, kuma ai dole ta kare ɗan ɗan'uwanta. Aka yi suna babu harbi. Dabo bai je ba, don ba a kira shi ba. Maharba da yawa suka ɗauke bindigoginsu daga maƙerarsa, wai kada su wayi gari su tarar da lauje. Bai taɓa kare kansa ba. In an tayar da maganar sai ya ce, "Ku ƙirga yatsun Yari," ya ci gaba da zuga.

Yari ya rayu shekara talatin da wani abu bayan nan, da yatsu goma cif. Da su ya riƙa nuna Dabo a kasuwa yana cewa ga maƙiyinsa. Da su kuma ya riƙa ƙyasta wuta kullum safiya, da ƙyastun nan dai, don duk garin babu mai kama wuta kamarsa. Bai yar ba. Ƙyastun nan ne a hoton.

Yanzu jikokin Lawwali, ku da kuka fi kowa zagi, kuna cika mana waya da "Allah ya isa". Da me Yari, uban kakanku, ya yi fataucin da ya gina gidan da kuke taƙama da shi? Da dungu?

Na san akwai waɗanda suka ji labarin Hindatu a bakin kakanninsu suka yi shiru don kada a ɓata zumunci. Zumuncin ya ɓaci tun ran sunan Lawwali. Ku fito ku faɗi abin da aka gaya maku, a nan, da sunanku. Wanda kuma har yanzu yake ganin hassada ce, ya zo ya gaya mana hannun wa yake so a gwada harsashi na biyun.