Hannun Hagu a Tsibirin Sisili

Hassana bandar kifi take sayarwa a Gamboru. Shekara uku ke nan da ɗanta Umar Faruk ya kira ta daga Libiya, ya ce zai tsallaka teku zuwa tsibirin Sisili. Shiru har yau.

Sai ta kama kallon bidiyon masu yawon buɗe ido a can. Su suna nuna tsofaffin gine-gine, ita tana leƙen ma'aikatan da ke bayansu.

A wani gidan abinci ta ga baƙin hannu, na hagu, yana tsaga kifi ta baya, yadda ta koya wa ɗanta bahago. Ba a nuna fuska ba.

Kullum sai ta maimaita wurin, tana yi wa mai ɗauka tsawa: "Ɗaga wayar sama mana, bawan Allah!"