Bel Ɗin Mai Agogo

Na fara haɗuwa da Mai Agogo ranar Talata, sha ɗaya ga watan Maris, shekarar da aka mai da ni ofishin ajiye takardu. Agogona ya tsaya, masinja ya ce in sauka ƙarƙashin bene. Can na same shi: siririn mutum, da ɗan gilashi maƙale a ido ɗaya, gabansa tebur mai aljihu uku. Ya buɗe bayan agogon, ya leƙa, ya ɗago ya dube ni.

"Akawu ne kai?"

Na ce ƙwarai.

"Na gani. Agogon ma ya gaji da kallo. Ka riƙa barinsa ya huta."

Tun daga ranar muke gaisawa safe da yamma. Mutum ne da ba ya barin teburinsa sai salla, kuma ba ya barin magana a tsakiya. In ya fara ba ka labari, ko motarka za ta tashi sai ka ji ƙarshensa. Matarsa ta rasu da daɗewa, ba su haihu ba. Wadda ta rage masa ita ce yayarsa, mai sayar da yadi a bakin kasuwa, mace mai jiki da murya. Shi yana ce mata Yaya, ita tana ce masa Auta, duk da furfurar da ta cika masa gemu. Ban taɓa ganin sun zauna minti biyar ba su yi musu ba.

Sai ya fara rama, yana gajiya da hawa matakala uku. Asibiti suka ce sankarar jini ce, kuma bayan magani sai an yi masa dashen ɓargo, wato a ɗebo ƙwayoyin da ke haifar da jini daga jikin wani a saka masa. Aka gwada dangi, na Yaya kaɗai ya dace.

"Duk duniya a rasa wanda za a zuba mini sai ke?" in ji shi.

"Yi shiru, Auta. Ko hankali ka samu a ciki ai ka ci riba."

Ni na riƙa raka su saboda cike takardu, don haka ina wurin lokacin da likitarsa ta yi musu gargaɗi. Ta ce zawo abu ne da ake yawan gani bayan dashe, kuma hanyoyinsa da yawa. Magani mai ƙarfi da ake bayarwa kafin dashen yana ƙuje hanji. Garkuwar jiki tana ƙasa, ƙwayoyin cuta suna samun ƙofa. Wasu magungunan da zai riƙa sha su ma suna sa ciki ya saki. Sannan akwai na ƙarshe: sababbin ƙwayoyin su ga jikin a matsayin baƙo, su far wa hanji ko fata. Ta ce ko wanne ne, ranar da ya fara ranar za a zo. Mai Agogo ya gyaɗa kai. Yaya ba ta ji na ƙarshen ba, ta fita amsa waya.

Aka yi dashe, ya kama. Bayan makonni aka sallame shi, Yaya ta rufe shago ta tare gidansa, ta kafa doka. Duk mai shiga sai ya wanke hannu ya sa takunkumi, ni ma haka, kuma kujerata tana can bakin ƙofa. An kawo masa teburinsa falo don kada zaman banza ya dame shi.

A ziyarata ta uku na lura da sabon abu. Yana tsakiyar ba ni labarin wani direba da ya kawo agogon bango a buhu, sai ya miƙe.

"Bari in duba taga ta baya, Akawu."

Ya daɗe. Ya dawo, ya kama wani labarin daban. Can kuma ya tafi duba tagar. Na ce a raina, mutumin da ba ya barin magana a tsakiya, yau taga ta fi masa labari? Da na tambaye shi lafiya, sai ya ce garau. Leɓensa kuwa a bushe.

Yaya ce ta kama shi, kuma da kayan sana'arsa. Yana da wani ɗan ƙarfe da yake huda madaurin agogo in ya yi wa mai shi yawa. Tana shara ta ga 'yan guntayen fata a ƙarƙashin tebur, alhali ba wanda ya kawo gyara tunda aka hana baƙi. Ta je ta ɗauko bel ɗinsa na ɗaure wando daga ƙusa. Ina zaune ta shigo da shi a hannu kamar ta kamo maciji.

"Auta, wannan fa?"

"Bel ne, Yaya."

"Na san bel ne. Ramukan nan sababbi wa ya huda?"

Ashe rama ce ta sa bel ɗin ya yi masa yawa. Ramukan sun fito tsaf, a jere, tazara ɗaya, ko kamfani ba zai fi haka ba. Da ya yi aikin a karkace ma wataƙila ya ce tsufa ne.

"Kuma tagar baya da kake ta dubawa, tun yaushe ta koma banɗaki?"

Ya cire gilashin idonsa, ya ajiye. Ya ce zawon ya kusa mako. Ya ce ya ji abin da likita ta faɗa game da ƙwayoyin da ke juya wa mutum baya.

"Kin kwanta an ɗebi jininki wuni guda. Kin rufe shago. Sai in buɗe baki a ce abin da kika ba ni ne yake cina? Na ce bari in jure, ko zai wuce."

Yaya ta naɗe bel ɗin a hannunta. Sai ta juyo kaina.

"Akawu, nemo mota. Kai kuma sa takalmi, kafin in gwada maka bel ɗin nan ta ɗaya hanyar."

Likitar ba ta yi dariya ba. Ta ce ruwan jikinsa ya kusa ƙarewa, ƙodarsa ta fara jin jiki, kuma irin wannan in an makara yakan tafi da mutum. Aka kwantar da shi, aka sa ƙarin ruwa. Suka gwada bayan gida da jini don neman ƙwayar cuta, ba su samu ba. Suka sake duba magungunansa. Daga ƙarshe suka zura kyamara suka ɗebo ɗan ƙanƙanin naman hanji. Sakamakon ya nuna abin da yake tsoro ne.

Da aka faɗa, shi bango ya kalla. Likitar ta ce wa Yaya ba laifin kowa ba ne, yakan faru ko tsakanin 'yan uwa na jini, kuma ƙwayoyin da ke da wannan zafin su ne dai ke farautar ragowar sankarar. Akwai maganin da zai lafar da su.

Yaya ta gyara takunkuminta, ta matso bakin gado.

"Wato ni ce a ciki nake faɗa?"

"Ke ce, Yaya."

"To mene ne sabo? Tun kana rarrafe nake dukanka, ga ka nan har da gemu." Ta sunkuya daidai cikinsa, ta ɗaga yatsa. "Ke ta ciki, ki sassauta. Nawa ne, ni kaɗai ke taɓa shi."

Ya yi dariya har sai da ma'aikaciyar jinya ta leƙo. Yaya ta fita waje, ta daɗe a jikin taga. Da ta dawo ta ce ƙura ce ta shiga mata ido.

Maganin ya karɓe shi, ko da yake a hankali, kuma ya kumbura masa kumatu na wani lokaci. Ya yi wata guda a asibiti. Bayan shekara ya koma ƙarƙashin bene, inda yake har yau. Yana zuwa a duba shi a kan kari, kuma Yaya ta sa shi ya yi alkawarin ko atishawa ya yi sai ya faɗa. Rukunin jininsa ya koma irin nata, abin da take tuna masa duk lokacin da suka yi musu. Bel ɗin yana nan, ya koma ramin da yake sawa tun farko. Labarin direba mai agogon bango kuwa ya ƙarasa mini shi ranar da ya dawo aiki.