Kawu da Duwatsun Sudan

Jiya a kasuwar Damazin wata mata ta ɓare lemu kusa da ni, ƙamshin ya tuna mini da kawuna, Allah ya ji ƙansa. Direban lori ne, babu yankin Sudan da bai taka ba. In ya dawo ƙauyenmu kusa da Suki, yakan zauna bakin gado, hannunsa na warin man mota, yana ɓare mana lemu yana ba mu labarin duwatsun Kasala da na Nuba.

Wata rana na ce, "Kawu, wanne ya fi tsawo?"

Ya ce, "Jabal Marra, ɗiyata. Yana can Darfur, motata haki take kafin ta kai rabinsa. Mutanen can in fitina ta taso sama suke hawa, dutsen ya ɓoye su."

A lokacin dariya na yi. Yanzu ɗansa da ya gaji motar yana Darfur, kuma tun da yaƙi ya rufe hanya wayarsa ba ta shiga. Ina riƙe da maganar kawu, ina tsoron kada ta zama labarin lallashin yara ne kawai.

Allah ya haskaka kabarinsa, ya sa mu sake jin muryar ɗansa.