Tawul ɗin da Na Wanke

Lokacin da nake aikin kula da tsofaffi a Bronx, an tura ni gidan wani dattijon Bature a Concourse Village. Ran nan ina gyara masa kabad na tarar da wani tawul a leda, duk dauɗa, ga tsami. Na jefa shi inji da omo, ya fito fes.

Ashe ta'asa na tafka! Tsohon nan har da hawaye, wai gumin wani gwanin kokawar talabijin na zamanin samartakarsa ne a jikin tawul ɗin. Kokawar da ake shirya wanda zai faɗi tun kafin a fito fili!

Na ba shi haƙuri don kada a kore ni. Amma a duk wasan nasu gumin nan ne kaɗai na gaskiya, shi ma na wanke.