Hoton da na kai wa mahaifiyata

Shekarun baya, ina rubuta memwar ɗina, wato kundin bincike na ƙarshen karatu, a kan dukawan unguwar Birni, sai na faɗa wani shafin intanet mai tara tsofaffin hotunan Damagaram. A ciki akwai wani baduku zaune gaban fatu, an rubuta sunan kakana a ƙasa, har da unguwarmu.

Mahaifiyata ba ta san fuskar mahaifinta ba, tana goye ya rasu. Ni kuwa, babban mai bincike, ko tambaya ɗaya ban yi ba. Na ruga siber, shagon intanet, aka fitar mini da hoton, na kai mata.

Ta daɗe tana kallonsa, tana shafa takardar. Can ta ce, "Ashe hancinsa na ɗauko." Ta sa aka yi masa gilashi, ta rataye a ɗakinta. Har daga Gaffati dangi suka zo gani.

Da na kai aikin wurin malamina, ya ce, "Wa ya ɗauki hoton nan? Wa ya sa masa suna?" Ya nuna mini yadda ake bin asalin hoto, muka tarar da shi a shafin wani gidan adana tarihi. Katin gidan waya ne na zamanin Faransawa, a wani gari mai nisa aka ɗauka, tun ba a haifi kakana ba. Na tuntuɓi mai shafin farko, ya ce shi ma turo masa aka yi.

Cire hoton daga memwar bai yi wuya ba. Faɗa wa mahaifiyata ne na yi ta ɗagawa. Wata ranar Juma'a tana ɓarar gyaɗa na zauna kusa da ita, na faɗa mata duka. Hannunta ya tsaya. Sai ta tambaye ni:

"To shi wannan bawan Allah, an san danginsa?"

"Ko sunansa ba a rubuta ba, Inna."

Na miƙe zan sauke hoton, ta riƙe mini riga. "Bar shi. Na riga na saba sa shi a addu'a."

Tun daga nan, duk abin da na gani a intanet sai na tambayi wa ya faɗa, ina ya samo, kafin in kai wa wanda zai ɗauka da zuciya ɗaya. Inna ta rasu, hoton yana ɗakina. In yarana suka tambaya, cewa nake baƙon kakarsu ne.